Kaji sun tafi, cutar tana nan: Kwana nawa ya kamata akurki ya huta?

A wannan makon zan ja ku zuwa can ƙuryar tsakar gida inda akurkin kaji yake. Yau da wuya ka shiga unguwa a Keffi ko Kaduna ko Kano ka rasa gidan da uwargida take ɗan kiwonta na kaji, wata hamsin, wata ɗari, don ta samu na cefane da kuɗin makarantar yara. Kiwo ne mai rufin asiri, amma akwai wani kuskure guda da yake cinye jarin mata da yawa, kuma kuskure ne da ba a ganinsa da ido.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne ziyarar da na kai wa wata gwaggona a Jigwada, cikin ƙaramar hukumar Keffi. Ta kwashi adashinta ta sayi 'yan tsaki ɗari. Makonni uku na farko lafiya lau, suna ci suna girma. A mako na huɗu sai suka fara takurewa wuri ɗaya, gashi a tashe, suna farin zawo mai ruwa, wasu har suna saran duburarsu da baki. Cikin kwana biyar kusan rabi suka mutu, sannan mutuwar ta tsaya da kanta. Ta lallaɓa ragowar suka ɗan yi nama, ta sayar da su a wulaƙance. Daga nan ta share ɗakin tas, ta yayyafa maganin wanke ɗaki mai ƙamshi, bayan kwana huɗu ta ranto kuɗi ta zuba sababbin tsaki, da fatan su isa sayarwa a ƙarshen shekara, lokacin da masu saro daga Mararaba da Abuja suke bi gida-gida. Suna shiga mako na huɗu abin ya dawo, kamar an aiko shi.

"Ɗan nan," in ji ta, "ko dai mai sayar mini da tsakin nan yana cuta ta, ko kuwa baki ne ya kama ni. Ɗakin nan da hannuna na share shi, ko gashi ɗaya ban bari ba."

Na ce, "Gwaggo, kafin mu ɗora wa kowa laifi, bari a kira likitan dabbobi."

Da ya zo ya buɗe biyu daga cikin matattun, bai daɗe ba ya ce Gumboro ce. Tambayoyi biyu ya yi mata: an ba su rigakafi? Kuma kwana nawa ɗakin ya yi babu kaza a ciki? Ta farko ta ce ta dai zuba musu kafso ja-da-yalo a ruwa. Ta biyu ta ce kwana huɗu. Ya girgiza kai ya ce, ai cutar ba ta taɓa barin ɗakin ba, jiran baƙi kawai take yi.

Mai karatu, da yawanmu muna ɗauka idan dabba mai ciwo ta mutu ko an fitar da ita, ciwon ya bi ta. Gaskiya ne ƙwayar bairos ba ta iya hayayyafa sai a cikin jikin mai rai. Amma tana iya zama a waje, a cikin kashi, ko ƙura, ko ruwa, ko tsagar bango, ba ta ƙaruwa ba ta kuma mutu ba, har wani jikin ya zo. Tsawon wannan zaman ya danganta da irin ginin ƙwayar. Akwai masu sanye da wata siririyar riga ta maiƙo, irin su murar tsuntsaye, da korona, da cutar Newcastle mai share kajin Hausa duk hunturu. Rigar nan ita ce lagonsu: sabulu yana narkar da ita yadda yake narkar da man da ya kama kwano, zafin rana da bushewa suna lalata ta, kuma da ta lalace ƙwayar ta gama aiki. Akwai kuma tsirara, waɗanda ba su da rigar maiƙo sai wani ɓawo mai tauri. Waɗannan su ne 'yan taurin kai. Sabulu ba ya kashe su, zafin da zai kashe wasu ba ya damunsu, kuma da yawa daga magungunan yayyafi na kanti ba sa yi musu komai.

Gumboro tana cikin tsiraran. Sunanta na wani ƙaramin gari ne a jihar Delaware ta Amurka, inda aka fara bayyana ta a 1962. Binciken da aka yi tun wancan zamani ya nuna ɗakin da masu ciwon suka zauna yana iya harbin sababbin kaji bayan kwana 122 da kwashe tsofaffin, ruwa da abinci da kashin da aka ɗebo daga ɗakin kuwa sun ci gaba da harbi har bayan kwana 52. Ku auna wannan da kwana huɗun Gwaggo. Hatta ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan da kuke gani suna yawo a ƙarƙashin garin katako suna iya riƙe ƙwayar su miƙa wa tsakin da ya tsince su. Cutar ba ta kama mutum, wannan kam a kwantar da hankali. Ɓarnarta a jikin kaza ita ce tana lalata wani ɗan ƙunshi da ke kusa da dubura, wanda shi ne yake horar da garkuwar jikin tsako. Shi ya sa wanda ya tsira ma yakan tashi a raunane, kowace cuta ta zo ta same shi. Kafso ja-da-yalo kuwa maganin bakteriya ne, bai san hanyar bairos ba.

Masu karnuka ma sun san irin wannan. Cutar parvo mai sa 'yan kwikwiyo amai da zawon jini tana iya zama watanni, har shekara guda, a cikin ƙasa mai inuwa da danshi. Mutum zai binne kwikwiyonsa, ya sayo wani bayan wata guda, ya ɗaure shi a gindin bishiyar da na farkon ya kwanta, shi ma ya bi sahu.

Ba mu kaɗai ne muke wannan fama ba, kuma kuɗi ko ilimi ba su hana. A ƙasashen Turai da Amurka da Sin ana kiwon wata dabba mai suna mink, ga ta nan kamar tunku, saboda fatarta mai laushin gashi da ake ɗinka rigunan sanyi masu tsada da ita. Ana jera su a kejin waya, dubbai a gona guda, ƙarƙashin dogayen rumfuna marasa bango, kashi da fitsari suna zuba ƙasa. Babbar matsalar masu wannan kiwo ita ce cutar Aleutian, wadda aka fara bayyanawa a Amurka a 1956, kuma 'yar dangin parvo ɗin karnuka ce, wato tsirara. Tana fita ta miyau da fitsari da kashi da jini, uwa ma tana ba 'ya'yanta tun suna ciki. Dabba takan rame a hankali, ƙodarta ta lalace, haihuwa ta ragu. Har yau babu rigakafinta babu maganinta, sai dai a gwada jinin dabbobi a fitar da masu ɗauke da ita. Abin da ya fi ɗaga wa manoman hankali shi ne, wani zai kwashe dabbobinsa gaba ɗaya, ya wanke gona, ya kashe kuɗi, ya zuba sababbi masu lafiya, bayan wani lokaci gwaji ya sake nuna cutar. Da masu bincike suka riƙa goge wurare suna kaiwa ɗakin gwaji, sun samu alamar ƙwayar a jikin keji, da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, da takalma da tufafin ma'aikata, da motocin da ke shiga suna fita. Labarin Gwaggo ke nan, sai dai nasu da miliyoyi ake lissafa asarar.

Gonakin mink ɗin nan sun koya wa duniya wani darasin kuma, cewa inda aka cunkusa dabbobi, ko ƙwayar da ba ta daɗewa a waje ba ta buƙatar daɗewar, domin jiki na gaba yana nan kusa. A 2020 korona ta tashi daga jikin ma'aikata ta shiga mink a Holan da Denmak, ta sauya kama a jikinsu, ta kuma dawo wa mutane. A ranar 4 ga Nuwamba na shekarar, Firaministar Denmak, Mette Frederiksen, ta sanar da cewa za a kashe duk mink ɗin ƙasar, kimanin miliyan 17, a ƙasar da a lokacin ta fi kowace samar da wannan fata. A watan Oktoba 2022 kuma murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta shiga wata gonar mink mai dabbobi kusan 52,000 a yankin Galisiya na Sifaniya, bayan an yi ta tsintar matattun tsuntsayen teku a gaɓar da ke kusa. Alamu sun nuna cutar ta riƙa tsallakawa daga keji zuwa keji, abin da ya tsorata masana, domin mink dabba ce mai shayarwa kamar mu.

Wannan H5N1 ɗin ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A nan Arewa aka fara tabbatar da ita a duk nahiyar Afirka, a gonar Sambawa da ke Jaji a jihar Kaduna, a watan Fabrairu 2006, bayan kaji kusan 40,000 sun mutu, wani ɗakin gwaji a Padova ta Italiya ya tabbatar. Nan da nan aka ji ta a Kano da Filato, kafin watan ya ƙare kuma ta bayyana a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. Diyyar da gwamnati ta fara sanarwa Naira 250 ce kan kowace kaza, kuma a ganina wannan ƙarancin ya taimaka wa cutar, domin mai gona da ya ga kaji sun fara faɗuwa gara ya tura su kasuwa da dare da ya jira a zo a kashe masa. A Janairu 2007 wata matashiya 'yar shekara 22 ta rasu da cutar a Legas. Annobar ta lafa, ta dawo a 2015 ta Kano da Legas, a 2021 kuma jihar Nasarawa tana cikin jihohin da aka samu ɓullarta a gonakin kaji.

Murar tsuntsaye mai rigar maiƙo ce, amma kada wannan ya ruɗe ku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar tana iya rayuwa a cikin kashin tsuntsu aƙalla kwana 35 idan sanyi ya kai digiri 4, a zafin digiri 37 kuwa kwana 6. Abubuwa biyu za mu ɗauka daga nan. Na farko, sanyi abokinta ne, haka inuwa da danshi. Ɗakin kaji mai duhu, mai jiƙaƙƙen garin katako a gindin mazubin ruwa, a daren hunturu, ya fi mata daɗi a kan fili da ranar Maris take duka. Na biyu, ko a zafin da ya kai na jikin mutum, tana da kusan mako guda a hannunta, kuma mako guda ya ishi buhun taki ya tashi daga Kano ya sauka a Keffi ya kuma shiga lambu. Firiza kuwa ba ta kashe ta, adana ta take yi. Abin da yake kashe ta a nama da ƙwai shi ne dafuwa sosai, yadda zafi zai kai digiri 70 har can ciki, babu jan jini a jikin ƙashi, gwaiduwa kuma ta daskare.

To ta ina take shigowa gidan da ba a kawo sabuwar kaza ba? Ƙafa ce ke kawo ta, sai taya, sai kiret. Mai saro yana shiga gida biyar a yini da takalmi ɗaya, da keji ɗaya a bayan babur, kuma a kowane gida sai ya shiga har cikin ɗaki ya ɗaga kaza ya ji nauyinta. Ku riƙa fito masa da su ƙofar gida. Kiret ɗin ƙwai na takarda yana zagaya gona goma, kashi ya bushe a jikinsa, ga shi ba ya wankuwa. Na roba ya fi, ko kuma a bar na takardar a waje. Buhun abincin da aka sayo na hannu, da mai kwasar taki, da maƙwabciyar da ta shigo ganin tsaki alhali nata suna mutuwa, duk hanya ce. Ban ce a yi rowar zumunci ba, a dai tarbe ta a tsakar gida, a ajiye silifas guda da ba ya fita daga ɗakin kaji. Kuma idan kun ji kajin maƙwabta suna zubewa, ku kulle naku tun ranar, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Agwagwa tana da nata sha'anin. Tana iya ɗaukar murar tsuntsaye tana yawo garau, tana zubar da ƙwayar a ruwan da kaji za su sha. Kada a haɗa mata kwano da kaji. Duk tsuntsun da aka sayo daga kasuwa, ko kyauta aka kawo daga ƙauye, zabo ne ko talo-talo ko zakara, a ware shi makonni biyu zuwa uku kafin ya haɗu da na gida. Kajin da aka kai kasuwa ba su sayu ba aka dawo da su, su ma baƙi ne.

Yanzu ga yadda likitan ya sa muka yi da ɗakin Gwaggo, kuma jerin aikin ya fi sunan maganin muhimmanci. An fara yayyafa ruwa kaɗan don ƙura ta kwanta, wanda zai yi shara ya rufe hanci da baki. An kwashe garin katako da kashi gaba ɗaya, an kankare abin da ya manne a ƙasa, an sharo yanar gizo da ƙurar saman waya da rufi. Sannan aka wanke ko'ina da ruwa da garin sabulu da buroshi, har mazubin abinci da na ruwa. Sai bayan an ɗauraye aka zo ga maganin kashe ƙwayoyi, domin kashi da datti suna cinye ƙarfin magani, wanda ya yayyafa a kan datti ya yi asarar kuɗinsa ne kawai. Ruwan bilic irin Hypo ko Jik yana cikin 'yan kaɗan da suke taɓa tsiraran ƙwayoyi: kofi ɗaya a kofi ashirin na ruwa, a jiƙa wuri ya yi aƙalla minti goma. Kada a gauraya shi da wani maganin wanki, hayaƙin da zai tashi yana cutar da huhu, kuma a nisanta shi daga yara. Daga nan aka buɗe ƙofa da taga, aka shanya kayan a rana.

Matsalar ɗakin nata ita ce daɓen ƙasa ne. Ƙasa ba ta wankuwa, bilic ma ba ya aiki a cikinta. Sai da aka kankare saman aka fitar, aka zuba farar ƙasa, likitan kuma ya ce idan da hali a yi siminti, don shi ne ake iya wankewa. Game da hutu, ƙa'idar da ake bi bayan murar tsuntsaye ita ce aƙalla kwana 21 bayan an gama wanki da feshi, ba daga ranar da kaza ta ƙarshe ta mutu ba. Ga Gumboro kuwa hutu kaɗai ba ya wadatarwa, tunda ba kowa zai iya rufe ɗaki wata huɗu ba, sai an haɗa da rigakafi a kan lokaci. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin rigakafin Gumboro da na Newcastle, likitan dabbobi zai tsara muku ranakun. Abin dariya a nan, ita ƙwayar da ke cikin kwalbar rigakafin, da yake an raunana ta, ba ta da juriyar 'yar'uwarta ta cikin ɗaki. A ɗauko ta a ƙanƙara, a dama da ruwan da babu sinadarin kulorin a ciki, kaji su shanye cikin awa biyu. Wadda ta yini a aljihu cikin rana ba ta da sauran amfani.

Takin da aka kwashe daga ɗakin da aka yi ciwo kada a sayar da shi ɗanye, kada a watsa a lambu, kada kuma a haɗa wa tumaki ko shanu a abinci kamar yadda wasu suke yi. A tara shi tsibi guda nesa da kaji, a ɗan jiƙa, a lulluɓe da leda na tsawon makonni. Zafin da yake tashi a cikin tsibin yana kashe ƙwayar mura, yana kuma rage sauran.

Sai maganar matattu, wadda ita ce ta fi shafar lafiyar iyali kai tsaye. Al'adarmu, da an ga kaza ta sunkuyar da kai sai a ce yi maza kawo wuƙa kafin ta zama mushe, a miƙa wa yara su fige. Idan mura ce, lokacin yanka da figa da fitar da kayan ciki shi ne lokacin da mutum ya fi haɗuwa da ƙwayar. Kazar da ta mutu farat ɗaya, ko kaji da yawa suka zube a yini guda, tukku ya yi shuɗi-shuɗi, kai ya kumbura, ƙafafu suka yi ja kamar an ƙona, ba ta cin kowa ba ce. A sa leda a hannu a ɗauke, a kira ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Kada a jefa a bola ko kwata, kyanwa da kare za su ci, kuma murar tana kashe kyanwa. A ƙone, ko a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne. Su kansu mutanen Denmak sun yi gaggawa a nan: sun binne miliyoyin mink a ramuka marasa zurfi, iskar ruɓa ta riƙa turo gawarwakin sama, ga fargabar gurɓata ruwan sha, sai da aka tono su a 2021 aka ƙone.

Duk wanda ya taɓa matattun kaji sannan cikin kwana goma ya fara zazzaɓi, ko tari, ko jan ido, ko numfashi ya yi masa nauyi, ya tafi asibiti, kuma ya faɗa wa likita da bakinsa cewa ya yi hulɗa da kajin da suka mutu. Idan bai faɗa ba, maganin maleriya za a ba shi ya dawo gida. Mutanen Keffi da kewaye suna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a kusa, ana kuma iya kiran hukumar NCDC kyauta a lamba 6232.

Gwaggo dai ta haƙura da kasuwar ƙarshen shekara, abin da bai yi mata daɗi ba, tunda bashi yana kanta. An yi wa ɗakin siminti da gudummawar 'ya'yanta, ta rataye silifas ɗin ɗakin kaji a ƙusa bakin ƙofa, kullum da safe kuma takan ja layi ɗaya da gawayi a bango. Ranar da na baro Jigwada layukan sun kai 16, ta ce sai sun cika 30 za ta aika a kawo mata tsaki, wannan karon hamsin kawai.